Daga Zaure Zuwa Sahu: Abin Da Ke Zaunar Da Dattijo A Gida

Idan aka ce Baba ya daina fita masallaci, amsar da aka saba ji ita ce, ai girma ne. Girman na nan, babu musu. Amma wanda ya bi bayan dattijo daga zaurensa zuwa sahu, yana kallon ƙafarsa maimakon fuskarsa, zai ga cewa rabin abin da ake ɗora wa shekaru laifin hanya ne.

A ɗauki lungu ɗaya a cikin birnin Kano da asuba. Dattijo mai shekara 75 ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, ya sauka kan matakalar da aka yi da bulo ɗaya. Gabansa kwata ce, an gitta mata katako wanda ruwan wanke-wanke ya riga ya cinye gefensa. Sanda na hannun dama, tocila na hagu, ga gefen babbar riga yana neman wanda zai tattare shi. Ya wuce katakon, sai gangaren siminti da maƙwabci ya zubo daga gejinsa har tsakiyar lungu don mota ta samu hawa. Ya karkata ya wuce. Gaba kaɗan tulin yashi ne na wani mai gini, ya ture masu wucewa zuwa bakin lambatu. Duk tafiyar ba ta kai mita 150 ba, amma sau huɗu ya tsaya a kan ƙafa ɗaya cikin duhu. Ranar da ƙafar ta goce, ko da bai karye ba, shi da 'ya'yansa za su yanke hukunci ɗaya: a riƙa yin sallar a gida.

Wannan hukuncin yana da tsada, kuma tsadar tana lissaftuwa. Masallacin da ke nisan mita 150, zuwa da dawowa sau biyar, tafiyar mita 1,500 ce a yini. Dattijon da ke cin santimita 80 a sakan ɗaya zai shafe kusan minti 31 yana tafiya, a mako ya haura minti 200. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi wanda ya kai shekara 65 ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, haɗe da atisayen ƙarfafa tsoka da na daidaita tsayuwa. Ke nan dattijon da ke bin jam'i yana cika mafi yawan wannan ba tare da ya taɓa jin labarin ƙa'idar ba, ga kuma tashi da zama na ruku'u da sujada. Ranar da ya daina fita, wannan duka ya tafi a lokaci ɗaya, tare da gaisawa da mutane, jin labarin gari, da dalilin sa tufafi masu kyau.

Tsokar tsoho kuma ba ta jira. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Zaman gida bai kai kwanciya a gado ba, amma hanyarsu ɗaya. Cinya ta saki, tashi daga tabarma ya zama aiki, taku ya gajarce, tsoron faɗuwa ya ƙaru, fita ta ƙara raguwa. Daga nan faɗuwar da ake gudu a waje sai ta same shi a tsakar gida ko a banɗaki. Alƙaluman hukumar lafiyar sun nuna kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Mafi munin sakamako shi ne karayar ƙugu, wadda ko a ƙasashen da ake yin tiyata cikin gaggawa kusan mutum ɗaya cikin biyar, a wasu wuraren fiye, ba ya cika shekara bayanta. A wajenmu da ake fara kai mai karaya wurin maɗori, a kwantar da shi makonni kafin a tuna da asibitin ƙashi irin na Dala, lamarin ya fi nauyi.

Akwai abin da tsofaffin unguwanninmu suke da shi wanda masu tsara birane a Turai da Amurka suke kashe maƙudan kuɗi suna nema: kusanci. A Yakasai, Madabo, Mandawari ko Soron Ɗinki, masallaci, mai shayi, mai kanti, mai kemis da majalisa duk suna cikin 'yan takun juna. Lungu ƙunci gare shi, saboda haka katanga na ba shi inuwa, mota kuma ba ta samun gudu. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, da ƙafa ake zuwa mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar birane masu saukaka wa tsofaffi a 2007, kuma abubuwan da ta jaddada a babin waje su ne hanya shimfiɗaɗɗiya marar santsi, marar cikas, wurin zama, wurin tsallaka titi da banɗaki. Mu muna da nisan da ya dace. Inda muke faɗuwa shi ne doron ƙasar da ake takawa.

Ƙasa, matakala da kwata

Idan mutum na tafiya, tazarar da ke tsakanin yatsunsa da ƙasa lokacin da ƙafa ke wucewa gaba ba ta fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. A wajen tsoho tazarar ba ta tsayawa daidai, wani takun ya ɗaga, wani ya ja. Shi ya sa abin da ke kayar da shi ba katon rami ba ne, domin wannan yana ganinsa. Bakin intalok ne da ya ɗago da faɗin yatsa biyu, ko bututun ruwan roba da aka bi da shi ta saman ƙasa, ko guntun rodi da ya leƙo daga tsohon kankare. Intalok da aka shimfiɗa a lunguna ya rage caɓi ƙwarai, amma idan ba a daddale ƙasan ba, ba a ɗaure gefensa da kankare ba, damina biyu ta isa ta kwashe yashin da ke ƙarƙashi ya fara rawa. Haka idan masu gyaran famfo suka tone suka mayar da shi yadda suka ga dama. Gyaransa ba sabon aiki ba ne: a cire duwatsun wurin da ya lotsa, a cike, a daddale, a mayar daidai da na kusa.

Matakala ita ce kuskuren da ya fi yawa, kuma daga bulo yake farawa. Bulon da ake bugawa tsayinsa inci 9 ne, kusan santimita 23. Birkila ya ajiye ɗaya, ya shafe shi da siminti, an samu matakala. Gwiwar da ke da amosanin gaɓɓai ba ta iya ɗaga nauyin jiki zuwa wannan tsayin ba tare da mutum ya jingina da wani abu ba. Matakalar da ta dace da tsoho tsayinta inci 6 ne, kada ta wuce 7, faɗin wurin takawa kuma inci 11 zuwa 12 don tafin ƙafa ya zauna gaba ɗaya. Abin da ya fi tsayin ma muhimmanci shi ne su zama daidai da juna. Ƙafa tana haddace tsayin matakala ta farko, idan ta biyu ta bambanta da ko inci ɗaya ne, tuntuɓe ya samu. A shafa farin fenti ko rawaya mai faɗin yatsa uku a bakin kowace, domin idon tsoho ba ya raba toka da toka. Sannan a sa mai walda ya kafa maƙari na bututun ƙarfe, tsayin santimita 90 daga ƙasa, kaurin da hannu zai iya zagayewa, ya ɗan zarce matakala ta ƙarshe. A kafa shi cikin kankare. Maƙarin da ke girgiza ya fi rashinsa haɗari, don mutum ya riga ya ba shi amana.

Gangare kuma yana da nasa lissafi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo. Gidan da dandamalinsa ya ɗara lungu da santimita 45 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 5 da santimita 40. Abin da ake yi shi ne a zuba na mita ɗaya, a goge shi sumul, a tura shi cikin hanyar jama'a. Ga mai gida hanyar mota ce, ga mai wucewa kuwa karkataccen tudu ne da ke jefa nauyin jiki kan ƙafa ɗaya. Gangaren gida a cikin gida ya kamata ya ƙare. Idan babu makawa sai ya fito, a bar aƙalla mita ɗaya na shimfiɗaɗɗiyar hanya a gabansa, a kuma ja masa tsintsiya tun simintin na ɗanye don ya yi kaushi.

Kwata a rufe ta da murfin kankare mai rodi a ciki, wanda ya zauna daidai da doron hanya, faɗinsa a wurin tsallakawa bai gaza santimita 90 ba, yadda mai sanda da mai riƙe da shi za su wuce, ko keken marasa lafiya. A yi shi gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗagawa ranar yasa, domin kwatar da aka rufe ruf ba a iya buɗewa takan toshe a watan Agusta ta dawo da ruwan kan hanya. Idan ragar ƙarfe aka sa, ramukanta kada su kai girman da kan sanda zai shige.

Wurin zama

Magabata da suka gina dakali a ƙofar gida sun san abin da suke yi. Jagorar sufuri ta Birtaniya kan masu wahalar tafiya ta ƙiyasta cewa mai dogara sanda bai kamata ya wuce mita 50 ba tare da wurin hutawa ba, wanda ba ya riƙe sanda amma ƙafarsa ta yi rauni kuma mita 100. Dattijo ba ya auna tafiya da nisanta, yana auna ta da inda zai zauna idan numfashi ya ɗauke ko gwiwa ta riƙe. Idan ya san akwai dakali biyu tsakaninsa da kanti, zai je. Idan an rushe su an ja katanga har bakin hanya, ba zai je ba, kuma ba zai faɗi dalili ba, sai dai ya aiki jika.

Tsayin wurin zama shi ne sirrin. Bulo biyu a kan juna da shafe yana ba da kusan santimita 47, wanda shi ne daidai. Wanda ya gaza haka, zama a kansa faɗawa ne, tashi kuma sai an miƙa hannu. Ya kasance da bango a baya da wani abin dafawa a gefe, kuma a ɓangaren da inuwa ke faɗawa da rana. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, dakalin siminti da rana ta gasa tun hantsi ba ya zaunuwa da la'asar. Darbejiya ɗaya a wurin da ya dace ta fi rumfar kwano, sai dai a kula da saiwarta, domin ita ma tana ɗaga intalok.

Nan ne sababbin unguwanni suka fi cutar da tsofaffi, na awon gwamnati da na awon igiya. Dogayen katangu ne da geji, babu zaure, babu dakali, babu bishiya a waje, kanti kuma sai an fita bakin titi. Sau da yawa 'ya'ya kan ɗauko mahaifi daga cikin gari su kawo shi irin wannan gida don ya huta, da kyakkyawar niyya, cikin wata shida sai ƙafa ta mutu. Wanda zai yi wannan ƙaura ya fara auna nisan masallaci da ƙafa, ya duba ko akwai sa'o'in Baba da zai zauna da su, kafin ya duba girman falo.

Haske, da ƙofar masallaci

Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa idon ɗan shekara 20, kuma idon na daɗewa kafin ya saba idan an fito daga haske zuwa duhu. Ga yanar ido, wadda binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta. Biyu daga cikin salloli biyar a duhu ake zuwa musu. Fitilar sola ta bango ta sauƙaƙa wannan, amma ana yin kuskure biyu. Na farko, a sa ƙwaya ɗaya mai tsananin haske tana kallon fuskar mai tahowa. Mai yanar ido hasken kan watsu masa ya rufe komai, bayan ya wuce kuma ya faɗa baƙin duhu. Gara ƙanana da yawa, a sama da kai, suna kallon ƙasa, hasken wannan na taɓa na waccan, a fara da kan kwata da matakala. Na biyu, batirin masu araha yakan mutu kafin asuba, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A saita fitilar a kan ƙaramin haske ko a kan na'urar da ke kunna ta idan ta ji motsi, a kuma riƙa goge ƙurar farantin a lokacin hunturu.

Ƙofar masallaci ita ce wurin da ya fi kowanne haɗa haɗurra. Tayil mai sheƙi, ruwan alwala, gansakuka a gefen famfo, tarin takalma, ga mutum na tsaye a ƙafa ɗaya yana cire takalmi ana turo shi ta baya. Benci ɗaya a bakin ƙofa da maƙari a bango sun kashe rabin matsalar. Wurin alwala a yi masa daɓe mai kaushi da ɗan gangare zuwa magudana, kujerun zaman su kai tsayin dakali, a riƙa kankare gansakuka duk mako. Banɗaki ma yana cikin lissafi. Dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, idan ya san babu inda zai zaga, ko dai ya ƙi fita ko ya rage shan ruwa, ƙarancin ruwa a jiki kuma jiri yake kawowa.

Duk wannan lissafin na masallaci bai shafi tsohuwa ba, alhali ita ce ƙashinta ya fi saurin karyewa bayan ɗaukewar al'ada. Fitar Hajiya barka ce, dubiya, gaisuwar rasuwa, islamiyya da asibiti: ba kullum ba, amma da nisa, kuma yawanci sai an hau adaidaita sahu, wanda hawansa da saukarsa ke buƙatar ɗaga ƙafa sosai da sunkuyawa a lokaci ɗaya. A sa direba ya tsaya cak a wuri shimfiɗaɗɗe, ba bakin kwata ba, ta fara zama kafin ta shigo da ƙafafu. Hijabin da ke jan ƙasa a rage shi ya tsaya a idon sawu. Silifar roba da ta suɗe a ƙasa a jefar da ita, a samo takalmi mai maɗauri a dunduniya, musamman ga mai ciwon suga da tafin ƙafarta ya daina jin ƙasa. Kuma kowace ƙaramar fita da ƙafa, ko gidan maƙwabta ne, a ƙarfafa mata gwiwa ta yi, kada a ce Inna ki zauna a je miki.

Babban titi

Akwai cikas ɗin da aikin gayya ba ya iya gyarawa. Idan aka faɗaɗa titi aka raba shi biyu, unguwa ɗaya takan zama biyu ga tsoho. A Ingila ana saita fitilar tsallaka titi bisa zaton mutum na cin mita 1.2 a sakan, amma binciken da aka wallafa a can a 2012 ya gano kashi 76 cikin 100 na maza da kashi 85 na mata masu shekara 65 zuwa sama ba sa kai wannan saurin. A yawancin namu titunan ma fitilar babu. Hannu ɗaya mai layi biyu faɗinsa kusan mita 7 ne. Mai cin santimita 80 a sakan yana buƙatar kusan sakan 9. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 150 a wannan lokacin. Wato sai ya ga titi fayau na tsawon mita 150 kafin ya sa ƙafa, da idon da ba ya tantance gudun abin da ke tahowa, ga babura da 'yan sahu masu biyo hannun da ba nasu ba. Idan an rage gudun zuwa kilomita 30, tazarar ta koma mita 75, kuma wanda aka buge yana da kyakkyawan zaton rayuwa. Wannan ne ya sa taron kiyaye haɗurra na duniya da aka yi a Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ba amsa ba ce ga tsoho. Sai ta haura mita 5 don manyan motoci su wuce, wato matakala talatin da wani abu hawa, irinsu sauka. Abin da ke aiki shi ne wurin tsallakawa a ƙasa: tudun rage gudu kafin a iso, a yanka shingen tsakiya daidai da doron titi, a bar tsibiri mai faɗin da mutum biyu za su tsaya, yadda za a tsallaka hannu ɗaya a huta. Wannan aikin hukumomin titi ne da na tsara birni, kuma akwai madogara wajen nema. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da hanyoyin jama'a yadda kowa zai iya bi, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Takardar da mai unguwa, kwamitin masallaci da ƙungiyar unguwa suka sa wa hannu, mai ɗauke da ainihin wurin da faɗin titin, ta fi ƙorafin baki nauyi a gaban kansila.

Kafin a kashe ko sisi, a bi hanyar tare da dattijon da ya fi kowa jan ƙafa a layin, sau uku: da asuba, da azahar, da bayan ruwan sama. Duk inda ya tsaya, ya dafa bango, ko ya sunkuyar da kai yana neman wurin sa ƙafa, a yi alama da fenti. Alamomin nan su ne jerin aikin, a fara da na kusa da ƙofofin gidaje da ƙofar masallaci.

Shi ma mai tafiyar a auna shi. A shata mita 4 a tsakar gida, ya yi tafiyarsa ta kullum. Idan ya wuce sakan 5, saurinsa ya gaza santimita 80 a sakan, alamar rauni ce. Sannan ya tashi daga kujera, ya yi mita 3, ya juyo ya zauna. Sakan 12 ko fiye na nufin yana cikin haɗarin faɗuwa, a kai shi likita tare da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, domin maganin barci da wasu na hawan jini suna sa jiri idan an miƙe. A duba ido. Sanda kuma a yanke ta daidai: idan ya tsaya hannu a sake, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu, a sa mata roba a ƙasa, a canza robar idan ta cinye. A hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo ake riƙe ta, ba a ɓangaren ciwon ba. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka sanda da mai ciwon. Mai rakiya ya tsaya a ɓangaren raunin, ɗan baya kaɗan, ya bar Baba ya riƙe damtsensa maimakon ya ja shi da hannu. Wanda ya tashi daga jinya kuma kada a jira sai ya warware sarai: kwanakin farko zuwa dakalin ƙofar gida, sannan sallar la'asar da ido ke gani, magariba ta biyo baya, asuba ce ta ƙarshe, bayan an tabbatar fitilar kan kwata tana kaiwa har kiran salla.